Yadda Yayata Ta Koma 'Yar Jiha

Har yau in na ji wani ya buɗe baki ya ce ai doka ta hana, sai raina ya ɓaci. Na ga yadda dokoki biyu suka yi karo a kan mace ɗaya, kuma macen nan yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya sa ba na iya ba da labarin nan cikin sanyin murya, duk da ita mai abin ta sha ce mini in bari.

A garin Lafiya aka haife ta, a ɗakin da aka haifi babanmu. Gonarmu tana hanyar Shabu tun kafin kwalta ta bi ta wajen, kaburburan kakanninmu kuma suna nan, mai son gani sai a kai shi. Ita ce ta fara yin boko mai nisa a gidanmu, ta zama ungozoma a asibitin gwamnati. Duk gari Sista ake ce mata, har mijinta. Baba kaɗai ke ce mata Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ni kuwa ƙanwarta boko bai karɓe ni ba, daga firamare na kama keken ɗinki. Shagona yana Bukan Sidi, kusa da gidan aurenta, saboda haka kusan kullum a can nake cin abincin rana, ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba.

Mijinta dillalin doya ne. Aikin reluwe ya kawo mahaifinsa daga can arewa, ya yi aure a nan, ya mutu a nan. Shi kansa a bayan tashar jirgi aka haife shi. Garin da ake cewa nasu sau ɗaya ya taɓa zuwa yana yaro, kuma abin da ya riƙe kawai shi ne bai ga doya ko ɗaya a kasuwarsu ba. Yana jin Tibi, yana jin Alago, yana taɓa Migili, in ya shiga kasuwar Agyaragu sai ka rasa ɗan wace ƙabila ne. Mai Doya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Sarkin Ci. Mutum ne mai barkwanci, bakinsa ba ya hutawa. Na taɓa bin sa kasuwa na ga yadda ake cinikin ƙwaryar doya, wato doya ɗari: ya rantse ba zai ƙara ko kwabo ba, ya juya ya tafi, ya dawo, manomi ya ce albarka, shi ma ya rantse, su zagi juna, su yi dariya. Da na tambaye shi ko ba ya tsoron yawan rantsuwar nan, sai ya ce, "Sarkin Ci, a kasuwa magana ba ta zama magana sai an ce an sallama. Duk abin da aka faɗa kafin nan iska ce."

Zamansu lafiya lau. Sau ɗaya ya taɓa sakin ta, tun farkon aure, a kan aikin kwana da take yi a asibiti, kuma ko mako ba a rufa ba ya zo gaban Baba yana sosa ƙeya ya yi kome. Abin ya daɗe da zama abin tsokana. In ya dame ni da zolaya sai in ce ya yi hankali, na san hanyar da ya bi ya zo biko, sai ya ɗaga hannu ya ce ya tuba.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, lokacin da gwamnati ke kukan babu kuɗi ana ta rage ma'aikata, wata rana Yaya ta dawo daga aiki. Ina zaune a tsakar gidanta da kwanon sakwara a gabana. Ba ta cire hular aiki ba, ba ta ce mini sannu ba, ta zauna a bakin rijiya ta ce, "Wai ni baƙuwa ce."

Na ce baƙuwar wa? Ta ce an aiko da takardar sakula daga hedikwatar jiha. Duk ma'aikacin da ba ɗan jiha ba za a mayar da shi kwantiragi, a riƙa sabunta masa shekara-shekara in an ga dama, babu fansho, babu ƙarin girma, babu zuwa kos. Kuma a ƙasa an rubuta cewa matar aure jihar mijinta take bi. Tunda mahaifin mijinta daga wata jiha ya fito, to ita ma 'yar can ce. Shekarun da ta yi tana aiki, waɗanda saura kaɗan su kai ta ga fansho, sun tashi a banza ke nan. A lokacin idon Baba ya fara mutuwa, noma ya gagare shi, albashinta ne ke riƙe da gidanmu. Cinikin doya kuwa na kaka ne, wata shekarar a samu, wata a tashi da bashin mota.

Na yi dariya, wallahi, don na ɗauka kuskure ne irin na ofis. Na ce gobe mu je wurin mai unguwa. Muka je. Mai unguwa ya riƙe baki, ya ce in Sista baƙuwa ce to shi ma ya fara ɗaure kayansa. Ya sa hannu, ƙaramar hukuma ta buga hatimi, aka ba mu takardar shaidar cewa 'yar asalin garin ce. Na rufe shago na raka ta har hedikwata, muka bi ta Akwanga muka hau duwatsun da ke hanyar, sanyi na shiga mini har ƙashi, ni da ban ɗauki rigar sanyi ba saboda na ɗauka shiga da fita za mu yi.

Sai da muka yini a kan benci kafin jami'in ya gan mu. Ba zan ce mugu ba ne, har ya sa aka kawo mana ruwa. Hausarsa irin ta mutanenmu ce, wadda ba ta bambanta mace da namiji. Ya duba takardar gaba da baya, ya ce, "Madam, wannan ya nuna inda an haife ka. Ba ya nuna inda kake yanzu. Kai ya auri baƙo, ka bi shi. Mace ba shi da jiha, jihar miji ne jihar shi."

Nan na miƙe. Na ce masa, ranka ya daɗe, matar nan da kake gani rabin yaran Lafiya ita ta yanke musu cibiya, dukkansu 'yan jiha ne, ita da ta riƙe almakashin ce baƙuwa? Na ce ƙanenmu ya auro mata daga wata jiha, ko shekara ba ta yi a gari ba, ita yanzu 'yar jiha ce ke nan, wadda aka haifa a ɗakin kakanta kuma ta fita? Ya ce haka ne, daidai na fahimta. Wannan amsar ta fi zagi ƙona mini rai. Yaya ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi shati, ta ba shi haƙuri, ta ja ni muka fito. A mota ba ta yi mini magana ba sai da muka wuce Akwanga, shi ma cewa ta yi in rage gilashi.

Mai Doya ya ce ba komai, tunda an ce matarsa 'yar jiharsu ce, bari ya je jihar tasu ya karɓo mata aiki. Ya bi motar doya ya tafi. Da ya dawo yana ba mu labari yana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Can sun ce masa matarsa ai ba 'yarsu ba ce, ubanta ɗan wata jiha ne, in tana so su ɗauke ta kwantiragi. Shi kansa sun ce sai ya kawo dagacin da ya san kakansa. Ya je ƙauyen, ya tarar waɗanda suka san kakan duk sun riga mu gidan gaskiya, yaran da ke wurin suna kallon sa suna ce masa mutumin kudu. Ya ce, "Sista, ashe ni da ke duka ba mu da gari. Sai mu koma cikin jirgin da ya kawo babana mu zauna."

Ni ce na matsa a je wurin lauya. Akwai wani a saman bene kusa da kasuwa, wanda nake ɗinka wa matarsa kaya. Ya saurare mu tsaf, ya ɗauko kundin tsarin mulkin ƙasa, ya buɗe, ya karanta da Turanci, ya fassara mana. Ya ce dokar tarayya ta hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda garin da ya fito, ko ƙabilarsa, ko addininsa, ko don mace ce. Ya ce ko ta wajen asali aka bi, dokar tarayya iyaye da kakanni take dubawa, ba miji ba. Ya ce, "Da wannan littafi, Sista, ke 'yar nan ce ta kowace fuska. Abin da suka yi ba daidai ba ne."

Na ji kamar in yi guɗa. Na ce to shi ke nan, a ba mu littafin mu kai musu. Lauya ya yi murmushi irin na wanda ya saba ganin irina. Ya ce su ma suna da shi a ofis, yana kan kanta. Ya ce sai dai a kai ƙara, kuma soja ke mulki, wasu sassan littafin an jingine su, wasu kuma ba a jingine ba amma ba mai waiwayar su. Shari'a da gwamnati za ta iya cin shekaru, a ɗage yau a ɗage gobe, kuma ranar da takardar sammaci ta isa hedikwata, ranar za a tuna cewa kwantiraginta bai kamata a sabunta ba. Ya ce zai karɓi shari'ar in muna so, amma ba zai ɓoye mana ba, dokar tana Legas, mai biyan albashi yana nan kusa. Na ce ashe rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Ya ce to, kusan haka. Bai karɓi ko sisi a hannunmu ba, ya raka mu har bakin matakala.

Wa'adin da aka sa na mayar da su kwantiragi yana ta matsowa. Yaya ta rame, ta daina cin abincin kirki, ga shi kullum sai ta je ta karɓi haihuwa da fara'a. Ana haka sai wata abokiyar aikinta, Kirista, wadda ke auren wani mai kantin magani daga kudu, ta ja ta gefe ta gaya mata yadda ita ta yi. Ta ce ta je ta yi takardar rantsuwa cewa sun rabu da mijinta, ta kai, aka mayar da ita 'yar jiha, ta koma gida ta dafa masa abinci. Ta ce mata da yawa sun yi, kowa ya sani, har su na ofis ɗin sun sani, takarda kawai suke so su sa a fayil.

Yaya ba ta so ba, wannan zan shaide ta har gaban Allah. Mai Doya ne ya nace. Ya ce ba zai zama sanadin da guminta na shekara da shekaru zai bi ruwa ba, ba zai iya haɗa ido da Baba ba in aka kore ta saboda shi. Ta ce masa saki fa ba abin wasa ba ne. Ya ce ai Allah zuciya yake dubawa, shi bai yi niyya ba, kuma ya tambayi wani malami a tasha ya ce masa komai da niyya yake tafiya. Ban san wane malami ba ne, ban san yadda ya tsara masa tambayar ba. Na dai san Mai Doya, in yana son a ce masa e, ya san yadda zai yi tambaya. Ba su gaya wa Baba ba, ba su gaya mini ba, don sun san bakina.

Ya rubuta saki ɗaya, ta kai. Aka dawo mata da takardar. Wai sun gane dabarar Musulmi, saki ɗaya gobe sai a yi kome, su wanda ba a dawowa suke so, kuma da hatimin kotu. Sai ya sake zama ya rubuta uku, suka tafi gaban alƙali tare. Daga baya Yaya ta ba ni labarin yadda aka yi. Alƙali ya tambaye shi ko shi ya rubuta, ya ce shi ne. Yana cikin hankalinsa? Ya ce ƙalau. Akwai wanda ya tilasta shi? Ya ce babu, don in ya ce akwai, takardar ba za ta yi amfani a ofis ba. Ta ce alƙalin ya daɗe yana kallon su, ya sake maimaita tambayar, ya ce ya yi tunani. Mai Doya ya ce ya gama tunani. Aka buga hatimi.

Ina shago na hango su sun dawo a kan babur ɗinsa, ta riƙe sandar rake, yana faɗa mata wani abu tana dukan bayansa. Ya tsaya ya ce, "Sarkin Ci, zo ki gai da 'yar jiha." Na ce wace 'yar jiha? Sai ya ba ni labari yana dariya, kamar wanda ya yi wa manomi wayo a kan ƙwarya goma. Ni ba malama ba ce, karatuna bai wuce na sallah ba, amma na san maganar nan ba ƙarama ba ce. Na ce, "Uku ka ce?" Ya ce na ofis ne. Na ce Allah ya sa.

Aikin ya dawo. Kafin wata ya ƙare aka aiko da takarda cewa an gyara, an tabbatar da ita 'yar jiha ce, har da ba ta haƙuri a kan kuskure. Suka ci gaba da zamansu. Amma kotu ba ɗaki ba ce, kuma Lafiya a lokacin ba ta da girman da magana za ta ɓata a cikinta. Wani ya je yi wa Baba jaje a kan mutuwar auren 'yarsa.

Baba ya aika a kira su, ya aika a kira limamin unguwarmu, tsohon da ya ɗaura auren tun farko. Bayan la'asar aka zauna a zaure. Ni da Yaya muna daga ƙofar ciki. Liman ya tambayi Mai Doya, a hankali, kamar mai tambayar mara lafiya inda ke masa ciwo.

"Da hannunka ka rubuta?"

"Da hannuna, Malam."

"Nawa?"

"Uku. Amma na ofis ne, Malam. Ban sallama ba. Wallahi a zuciyata ban sallama ba."

Liman ya ce, "Ɗana, saki ba shi da na ofis da na gida."

Ya nema masa hanya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya tambaya ko an yi masa barazana, ko an ce za a ɗaure shi, ko an sa masa wuƙa. Ya ce in tilas ne akwai magana. Mai Doya ya yi caraf ya ce ai tilas ne, tilas ɗin gwamnati. Liman ya ce, "Alƙali ya tambaye ka haka?" Ya ce ya tambaya. "Me ka ce?" Mai Doya ya sunkuyar da kai. Tunda nake da shi ban taɓa ganin bakinsa ya mutu ba sai ranar. Baba, wanda ba ya gani sosai, ya juya fuskarsa wajen ƙofa ya ce, "Uwata, kina nan?" Ta ce tana nan. Ya ce, "Me ya sa ba ki zo wurina ba? Da yunwar muka zauna da ita." Ta rufe fuska da mayafi.

Ba a nan aka tsaya ba. Mai Doya ya bi malamai, na gari da na nesa, duk wanda aka ce masa yana da sassauci sai ya hau babur. A ƙarshe aka kai shi wurin wani matashin malami cikin masu sabon karatu, wanda aka ce yana ɗaukar saki uku a baki ɗaya a matsayin ɗaya. Ya dawo da murna ya ɗauki Baba da ni muka koma tare don Baba ya ji da kunnensa. Malamin ya ce haka ne, ukun nan ɗaya ne a wurinsa. Sai ya tambaya ko akwai wani kafin shi. Mai Doya ya ce akwai takardar farko da ofis ya ƙi karɓa, amma ai ba a karɓa ba. Malam ya ce ofis ne bai karɓa ba, ita ta ƙirgu, biyu ke nan. Ya ce saura igiya ɗaya, ya je ya riƙe ta da kyau, in dai babu wani a baya. Ni na tuna, Baba ya tuna, shi ma ya tuna. Sakin nan na farkon aure, na aikin kwana, wanda muka shekara da shekaru muna tsokanar sa da shi.

A kan hanyar dawowa ni dai ina ta zagi a zuciyata, na rasa wa zan zaga. Na zagi mai sakula, na zagi mai fayil, na zagi malamin tasha, na zagi littafin lauya da ke kan kanta yana shan ƙura. Shi Mai Doya na so in zage shi, na buɗe baki, na ga ƙeyarsa, na fasa.

Aka samu masu ba da shawarar a yi auren kisan wuta, a nemo wani ya aure ta kwana biyu ya sake ta. Har da wanda ya kawo kansa, mara kunya. Yaya ta ce a'a. Ta ce ta yi wa ofis ƙarya sau ɗaya ta ga abin da ta haifa, ba za ta je ta gwada da Allah ba. Auren gaske kuma da wani, ta ce ba ta da zuciyar da za ta kai gidan. Ni na taya ta kwashe kaya. Muka ɗaure kwanuka da zannuwa, yaransu suna tsaye suna kallo, ƙaramar tana tambaya ko tiransifa aka yi wa Mama. Mai Doya ne ya nemo motar da ta kwashi kayan, motar doya, ya share ta da kansa, sannan ya tafi kasuwa don kada ya ga fitarta.

Ta koma ɗakin da aka haife ta. Yaran suka zauna wurin ubansu da wata gwaggonsu, suna yini a gidanmu in babu makaranta. Aiki kuwa ya yi kyau, sai ka ce da gayya. Aka tura ta kos, aka ƙara mata girma, ta zama babbar sista. Da babbar 'yarta ta gama sakandare ta nemi makarantar koyon jinya ta jiha, aka ce ba 'yar jiha ba ce, ubanta baƙo ne. Yaya ta karanta takardar ta ninke ta ba yarinyar. Ni kuwa na yi faɗa, na faɗi maganganu da yawa, har maƙwabta suka leƙo.

Mai Doya bai sake aure ba, duk surutun da aka yi masa. Kowace kaka sai ya aiko da doya gidanmu, zaɓaɓɓiya, ya ce ta Baba ce. Baba kuwa haƙoransa sun ƙare, kowa ya san Yaya ce ke son sakwara a gidan. In ya zo gai da Baba a zaure yake tsayawa. Ta gaishe shi daga bayan ƙofa, ya ce, "Sista, ya aiki?" ta ce, "Da godiya. Ya kasuwa?" Shi ke nan. Ni yakan biyo ta shagona ya zauna a kan benci, ya ce Sarkin Ci ta rame tunda aka rufe mata gidan abinci. Wani lokaci in rama, wani lokaci in kasa.

Shekarar da aka ba mu tamu jihar, gari ya cika da kiɗa, kowa na cewa yanzu mun zama 'yan gida. Mai Doya ma ya fito, ya raba wa makaɗa doya, shi da ko a sabuwar jihar baƙo ne. Ba a daɗe ba ciwo ya kwantar da shi, ciwon da ya daɗe yana ɓoyewa. Aka kai shi asibitin da take aiki, ɓangaren maza. Takan bi ta wajen in ta tashi, ta tsaya daga ƙafar gado kamar kowace ma'aikaciya, ta duba katinsa, ta tambayi yaran ko ya ci abinci. A can ya cika.

A gidansa na Bukan Sidi aka yi zaman makoki. Muka je tare. Ta tsaya a tsakar gidan da ta share shekara da shekaru, ta rasa inda za ta zauna, don tabarmar masu karɓar gaisuwa ta 'yan'uwansa ce. A cikin masu zuwa gaisuwa ta zauna, kusa da ni. Mata suna shigowa, wasu su nufo ta, sai su tuna, su karkata.

Da muka koma gida ta sa aka kira mata liman, ya tsufa ƙwarai a lokacin, sai da aka riƙo shi. Ta tambaye shi ko za ta yi takaba. Ta ce ba don gado ba, ba ta son ko tsinke, tana so ne kawai ta zauna masa. Liman ya ce takaba ta matar aure ce. Ya ce abin da aka yarda mata shi ne kwana uku, kamar kowa.

Ta yi ukun a ɗaki, ba ta fito ba. Rana ta huɗu da safe na shigo na tarar ta zuba garwashi a dutsen guga tana goge farin kayanta. Na ce, "Yaya, ki nemi hutu mana, ko na mako ɗaya." Ta ce ta tambaya. Hutun rasuwa na miji ne, ko uba, ko ɗa, kuma a fayil ɗinta an rubuta ba ta da miji. Ta sa hularta, ta ce in kulle ƙofa in zan fita, akwai mai naƙuda tana jiran ta.